Ba Hawaye Ba Ne, Kawu

Zuwa ga ɗiyata Malama,

Sallama da gaisuwa daga bakin shagon taya. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da shugabar makarantarku da matar da ta ba ki ɗaki. Mu nan alhamdulillahi, ban da gwiwata ta hagu da take ta ramuwar shekarun da na yi ina taka kuloci. Ummanki lafiya, ƙannenki lafiya. Babanki ma jikinsa garau, amma hankalinsa ba a kwance yake ba, kuma a kanki ne.

Kin san ni da waya ba ma ga maciji. Yatsun da suka saba da sitiyari, in na nufi harafi ɗaya sai su danna uku. Shi ya sa na ari biro na zauna. Zan ba direban farar bas ɗin nan da ke bi ta ƙofar makarantarku, ya san ki.

Ga abin da ya faru. Makon jiya Babanki ya faɗo mini shago, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya cusa mini wayarsa a fuska. Hoton ajinku ne da kika tura zauren 'yan gida, yara birjik a kan benci. A ƙarƙashinsa ba ki rubuta ko kalma ɗaya ba, sai wata 'yar fuska mai ruwan ƙwai, ido a rufe, baki a langaɓe, ga wani ɗigo shuɗi a gefen kumatu. Daga washegari kuma wayarki a kashe. Ya kira, Umma ta kira, ni ma na kira, shiru.

Ya ce da ni, "Labarin zuciya a tambayi fuska. Ga fuskar ta aiko. Kai ka ce a bar ta ta tafi, kai ka kai ta da motarka, ga ta can tana kuka ba mai lallashi."

Gaskiya ya faɗa. Dangantakarmu da ke sai an zauna da shayi kafin a warware ta, tunda kakarki da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙani ne. Amma ranar da aka ce ba za ki karɓi aikin koyarwa a nesa ba, ni na zo na zauna a falonku har Babanki ya sauko. Na ce yarinyar da ta yi karatun nan ba a ajiye ta a ɗaki. Na sa wuyana, yanzu ga igiya an miƙo.

Don haka ki gaya mini gaskiya, ɗiyata. Wani ne ya ci miki mutunci? Shugabar ce ke matsa miki? Ko ɗakin ne? Kada ki ɓoye don kunyata. In da matsala, gara in ji daga bakinki da in ji daga bakin 'yar fuskar waya.

Naki,
Kawu Direba

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Direba ya ƙi kashe mota, a kan gwiwata nake rubutun nan. Lafiyata ƙalau. Wayata ce ta shiga bokitin ruwa. Yaran nan sun kusa kashe ni, wallahi in an tashi ko tsayuwa ba na iyawa. Ka ce wa Baba kada ya damu. Cikakken bayani na nan tafe.

Ɗiyarka

*

Ɗiyata Malama,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. Gwiwa ta ɗan sassauta tunda na daina hawa benen masallaci.

'Yar takardarki ta iso, kuma na yi wauta babba: na karanta wa Babanki ita da ƙarfi ban fara dubawa ba. Da na ce "lafiyata ƙalau" ko gezau bai yi ba. Da na kai "sun kusa kashe ni" sai ya miƙe tsaye. Da na kai "ko tsayuwa ba na iyawa" sai ya nemi takalminsa, alhali yana ƙafarsa.

Umma ta ce, "Haba Malam, salon magana ne. Ni sau nawa nake cewa yaran gidan nan za su kashe ni, ga ni ina shan iska?" Ya ce ita ba ta taɓa haɗawa da hoton kuka ba. Ya kuma tambaya, waya tana da ƙafa ne da za ta shiga bokiti da kanta? Wa ya jefa ta? In yara sun kai ga jefa wayar malamarsu a ruwa, gobe me za su jefa?

Na tare direban bas na tambaye shi yadda ya gan ki. Ya ce ya gan ki da alli har a gira, kina dariya. Na kai wa Babanki wannan, ya ce ai ya san 'yarsa, ko ƙaya ta taka dariya za ta yi wa baƙo.

To tun daga nan muke zuba ido ga cikakken bayanin da kika ce, shiru kamar an shuka dusa. Ita ma farar bas ɗin ta kwanta a gareji, giyarta ta tsinke, don haka wannan zan ba mai motar ƙwai ne.

Abin da ya sa ban jira ba shi ne magana ta yi nisa. Babanki ya je wurin mai kantin maganin bakin layinku, wanda ke neman wadda za ta zauna masa a bayan kanta tana sayar da magani. Mutumin ya yarda zai riƙe miki gurbin zuwa ƙarshen wata. Babanki ya ce in duba mai da birki, in cire kujerar baya don akwatinki da katifa. Ni dai na ce to, ban cire ba tukuna.

Zan faɗa miki abin da ke raina. Ban yarda an ci zalinki ba, don na san 'yar wa na kai. Amma uba uba ne, kuma shirunki ba ya taimakona. In kuwa aikin ne ya fi ƙarfinki, babu abin kunya. Direban kirki ma in ya ga hanya ta ɓaci ribas yake yi, ba wanda ya taɓa zaginsa. Ki rubuto ko layi nawa ne, amma don Allah wannan karon ki bar maganar kisa.

Kawunki

*

Kawuna na kaina,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina yi wa gwiwa sannu. Ka gaishe mini da Umma da yara, ka gaishe da Baba gaisuwa ta musamman. Lafiyata lau, ina ci ina sha, har siket ɗina na zuwa makaranta ya fara matse ni.

Na rubuta tun tuni, takardar ta yi ta kwana a jakata ina jiran farar bas. Da mai ƙwai ya kawo taka na karanta, sai da na zauna a bakin baranda. Na yi dariya har mai gidanmu ta leƙo, daga baya kuma jikina ya yi sanyi da na kai maganar kujerar baya. Na yaga waccan, ga sabuwa.

Kawu, ba hawaye ba ne. Waɗannan 'yan fuskokin emoji ake ce musu, kuma wadda na tura ta barci ce. Ka sake dubawa da kyau: ɗigon nan ba daga ido ya fito ba, daga hanci ne. Ka taɓa ganin jariri ya yi barci mai nauyi har 'yar kumfar majina tana kumbura tana sacewa a hancinsa? To ita ce. Mu in mun tura ta, cewa muke yi, "Na gaji tilis, barci nake ji." Ba ta wuce nan ba. Ta kukan daban take, nata ɗigon a ƙarƙashin ido yake. Akwai ma wata mai hawaye shaɓe-shaɓe kamar an buɗe famfo biyu, ita kuma sau da yawa dariya muke nufi da ita. In kuma wata rana ka ga na tura ƙoƙon kan mutum, don Allah kada ka tara jama'a, yana nufin abin ya ba ni dariya har na kasa. Na san za ka ce yaran zamani ba mu da kai. Na yarda.

Gajiya kam akwai ta, ba zan ɓoye ba. Ajin 'yan ƙanana aka ba ni, waɗanda bana aka fara kawo su. Kafin in rubuta harafi ɗaya a allo na ɗaura igiyar takalmi, na share hanci, na raba faɗa a kan murfin kwalba, na ƙwato alli daga bakin wani. Wannan zai ce fitsari, kafin mu dawo wancan ya sa kansa a tagar da ba ya iya fitarwa. In an tashi, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Abin da nake nufi ke nan da sun kusa kashe ni. Umma ta fahimce ni, Allah ya saka mata.

Yanzu maganar waya. Akwai wata yarinya a ajina, 'yar mitsitsiya, tun da aka buɗe makaranta ba ta ce uffan ba. Kullum tana bakin ƙofa rungume da takalmanta, kamar mai jiran a ce gudu. In na kira sunanta sai ta sunkuyar da kai. Uwarta ta ce a gida ma sai da ƙyar, tun da suka taso daga inda suke zaune a da. Na gwada waƙa, na gwada wasa, na gwada zama kusa da ita in yi shiru ni ma. Ba abin da ya ci.

Washegarin ranar da na tura hoton nan, na ajiye wayata a kan tebur, ƙurar alli ta rufe ta fari fat. Muna da bokiti a bayan ƙofa na wanke hannu. Ina can ina raba wasu, sai na ji an ja mini gefen mayafi. Na juyo, ga yarinyar nan ta miƙo mini waya da hannu biyu, ruwa na ɗiga, ta ce, "Malama, na wanke miki."

Kawu, muryarta ke nan ta farko da na ji. Ka gaya mini, da wane bakin zan yi faɗa? Na durƙusa na karɓa na ce na gode, ta yi tsaf. Mai gyara ya buɗe ta ya girgiza kai, ya ce sai dai haƙuri. Amma yarinyar yanzu takalmanta na ƙafarta, kuma jiya ita ta kai ƙarar wani wai ya ci mata gefen littafi.

Tunda ka ce in faɗi gaskiya, ga ta duka. Na yi kuka a nan, a makon farko, da na dawo ɗaki na ga ba mai ce mini sannu da zuwa. Amma ranar da na yi kukan gaske ban tura wa kowa komai ba. Ya wuce. Yanzu mai gidanmu tana ajiye mini ruwan zafi, shugabarmu kuma mai faɗa ce amma ba ta da mugunta.

Ina roƙonka, kada ka cire kujerar nan. In aka zaunar da ni a bayan kanta ina miƙa ƙwayar ciwon kai daga safe zuwa yamma, ba zan gaji ba, amma a nan ne za ku ga fuskar kukan ta ainihi. Wannan gajiyar tawa ce, ina son abata. Ka taya ni faɗa wa Baba, kai yake ji.

Ɗiyarka mai biyayya,
Malamar 'yan ƙanana

*

Malamar 'yan ƙanana,

Mun gode da gaisuwa, duk suna amsawa. Gida lafiya.

Takardarki ta wanke ni, saura kaɗan. Na kira Babanki shago na ce, "Malam, majina ce." Ya ce in ji tsoron Allah. Muka sa tabarau, nawa da nasa, muka ƙura wa abin nan ido, ni ina cewa hanci yana cewa ido. Da gardama ta ƙi ƙarewa muka tsallaka wurin maƙwabcina mai gyaran agogo. Ya maƙala gilashinsa a ido, ya daɗe yana dubawa kamar mai neman ƙaramar ƙusa, sannan ya ɗago ya ce, "Fuskar ma ai ba ta da hanci. Amma daga inda hanci ya kamata ya zauna abin ya fito." Muna cikin haka ƙanwarki ta biyo ta dawo daga makaranta, ta karɓi wayar ta ware hoton da yatsa biyu, fuska ta cika gilashi. Ta ce, "Wai duk a kan wannan ne? Da kun tambaye ni ai." Dattawa uku, ba wanda ya iya ɗaga kai.

Babanki ya yi dariya har da tari, rabon da in ji dariyarsa tun kafin hoton nan. Labarin mai wankin waya kuwa sai da ya sa na maimaita masa.

Sai dai na yi niyyar tsallake layin nan na kukan makon farko, don na koyi darasi. Bai yiwu ba. Ya karɓi takardar ya karanta da kansa, ya zo wurin ya tsaya. Ya ninke ta a hankali ya ce, "To wanda ta aiko ba kuka ba ne. Wanda ba ta aiko ba fa, wa zai gaya mini?"

Ɗiyata, bari in faɗa miki abin da shi ba zai faɗa ba. Ba makarantarku ce ke damunsa ba. In la'asar ta yi, lokacin da kika saba kawo masa shayi kina ba shi labarin da bai tambaya ba, har yanzu yana waiwayar ƙofa. Umma ce ta gaya mini. Kukan da ya gani a wayar, ina jin rabi nasa ne.

Don haka muna nan zuwa ranar Litinin da safe, ni da shi. Ya ce sai ya gani da idonsa. Bai janye maganar mai kantin magani ba, ni kuma ban cire kujera ba. Kowa ya riƙe nasa. Sauran aiki ya rage gare ki.

Kawu

*

Kawu,

Ina gaisuwa, Allah ya kawo ku lafiya. Na gaya wa shugaba, ta ce baƙi su shigo aji su zauna, ba a kallon yara ta taga. Ka gaya wa Baba ba mu da kujerar manya sai tawa, ita ma ƙafarta ɗaya na rawa. Ku karya da kyau kafin ku taso. Kada ya sa fararen kaya.

Ɗiyarka

*

Ɗiyata,

Mun iso gida lafiya, mota ba ta ba mu matsala ba. Umma na godiya da saƙo. Ki gaishe da mai gidanku, mace ce mai kirki, ki kuma gaishe da shugaba. Na ga abin da kike nufi da faɗanta, ni ma sai da na gyara tsayuwa da ta kalle ni.

Fararen kayan da kika hana shi ya sa, kin dai ga yadda suka koma. Umma ta jiƙa su, ta ce akwai sawun hannu har a tsakiyar baya.

Akwai abin da ba ki gani ba, lokacin da shugaba ta kira ki ofis kika ce wa Babanki ya riƙe miki su na ɗan lokaci. Kina fita ya miƙe ya gyara murya ya ce, "To, kowa ya yi shiru." Wallahi kamar ya ce a fara. Biyu suka kama masa ƙafa, ɗaya ya cire masa hula ya zura da gudu, wata ta kawo masa takalmi ya ɗaura mata, ya ɗaura, ta kwance ta sake kawowa. Ya juyo yana nemana da ido, ni kuwa na ce gwiwata ba ta ba ni dama. Mutumin da in ya yi tari a gida kowa ke nutsuwa, ga shi yana roƙon ɗan shekara huɗu ya ba shi hularsa. Sai ga ki kin shigo, kin tafa hannu kin ja waƙar nan taku, kafin ƙiftawar ido kowa ya koma bencinsa, hula ta dawo. Na dubi Babanki. Bakinsa a buɗe yake.

Wayar da kika tsinta a kan tagar ɗakinki tasa ce. Ya ce mantawa ya yi. Ni na gan shi yana goge ta da bakin riga kafin ya ajiye. Ki riƙe, in kin kira ta Umma shi zai ɗauka.

A hanya kuwa, ko gidan man farko ba mu kai ba ya yi barci, kai a jikin gilashi, na sha ramuka bai motsa ba. Sai da muka kusa gari ya farka. Ya gyara zama yana kallon hanya. Can ya ce, "Ashe haka take da murya? Duk zamanta a gidana sai na karkata kunne nake jin abin da take faɗa."

Na ce, "A gidanka ba ta da aji."

Da muka shigo layinku na nufi ƙofar gida, ya ce in wuce gaba kaɗan. Na tsaya a bakin kantin magani. Bai ma sauka ba, ya sauke gilashi ya yi sallama, mutumin ya fito yana murmushi yana leƙen kujerar baya. Babanki ya ce, "Na gode da karamci, Allah ya bar zumunci. Amma ka nemi wata. Tawa tana da aiki."

Ki huta sosai ranar Asabar. Allah ya yi miki albarka, ya ƙara miki ƙarfin ƙafa.

Naki har kullum,
Kawu Direba